Harsashin Baba Ya'u

Ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan rikicin Kaduna, kujeru huɗu ne babu kowa a kansu a ajin su Naja'atu. Iyayen Emily sun kwashe 'ya'yansu sun yi Kafanchan tun ranar Alhamis, sauran ukun kuwa an ce su zauna a gida tukuna a ga yadda gari zai kwanta. Malamai biyu ma sun tafi ba sallama. Shi ya sa da aka kaɗa ƙararrawar darasi na uku, babu wanda ya buɗe littafin Tarihi. Kowa ya ɗauka Malam Chollom ya bi sahu.

Sai ga shi ya shigo, da alli a aljihun gaba kamar kullum, da tsohuwar jakarsa da ya ɗaure bakinta da igiyar roba.

Malam Chollom mutumin Filato ne, dogo, siriri, mai saurin tafiya. Shekararsa goma sha uku yana koyar da Tarihi a wannan makaranta ta jeka-ka-dawo a Gwarzo. Da Hausar Jos ya zo, ta Kano ta cinye ta tuni, sai dai har yau in ya ce "ƙasa" yara sukan sunkuyar da kai suna murmushi. Kowa ya san yana da ƙanwa, Jemimah, da ke aikin jinya a Kaduna, kuma kowa ya san mako guda ke nan bai ji ɗuriyarta ba. Babu wanda ya iya tambayarsa.

Ya rubuta a allo: Zanga-zanga da tarzoma a birane. Shi ne darasin da ke cikin tsarin wannan zangon, bai sauya ba.

Bai ajiye allin ba Tasi'u ya miƙe. Tasi'u shi ne monita, yana da murya, yana da kai, kuma ba ya son a riga shi faɗin labari.

"Malam, ai ba sai mun koma zamanin Turawa ba. Ga ta nan Kaduna. Mutum dubu goma aka kashe a unguwa ɗaya."

Naja'atu ta ji kunya ta kama ta kamar ita ta yi maganar. Ta saci kallon malamin, ta ga ya juya allin a tsakanin yatsunsa sau biyu.

"Wa ya faɗa maka, Tasi'u?"

"Kawuna. Direba ne."

"Yana Kaduna ranar?"

"A Zariya ya tsaya. Amma waɗanda suka fito su suka faɗa masa."

"Su suka ƙirga?"

Tasi'u ya sunkuyar da kai.

"Zauna. Ban ce kawunka ya yi ƙarya ba. An kashe mutane, wannan babu shakka, kuma ko mutum ɗaya ne ya isa a yi kuka. Amma ni da kai ba mu san adadi ba. Ni ma an kawo mini labarai har gida, wasu da rantsuwa. Ban san wanda zan ɗauka ba." Ya ajiye allin a kan tebur. "Abin da ke ci yanzu ba za mu iya taɓa shi ba, hannunmu zai ƙone. Bari mu koyi aikin a kan wanda ya huce. Wa ya san Ranar Sito?"

Hannuwa suka tashi kusan duka. Babu ɗan Gwarzo ko Kabo da bai san Ranar Sito ba. A daminar 1988 ne, lokacin tsuke bakin aljihu da mutane ke kira Saf, lokacin da komai ya yi tsada har aka koma yanka sabulu gida huɗu. Ruwa ya sauka, an yi shuka, taki yana jibge a wani sito a gefen gari ba a raba ba. Manoma suka taso daga Kabo da Gude da Garo, a ƙafa da kekuna, suka cika bakin siton. Aka harbi wani mutumin Gude mai suna Ya'u a ƙafa. Kafin la'asar sito ya zama toka.

"Mako uku na ba ku," in ji Malam Chollom. "Ku nemo waɗanda suka gani. Kowa ya ba ku labari, ku tambaye shi a ina yake tsaye. Ku tambaye shi da idonsa ya gani ko da kunnensa. In akwai takardar da aka rubuta a ranar, ku nemo ta, don takarda ba ta ƙara gishiri bayan shekara goma. Malamin Hadisi ya taɓa nuna mini yadda magabatanku suka riƙa bin masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya, wa ya ji daga wa, shin sun ma taɓa haɗuwa. To, wannan aikin ƙanin wancan ne."

Daga nan ya ce zai ba su shaida ta farko kyauta, don shi ma yana nan ranar. Ya zauna a gefen tebur, abin da bai saba yi ba.

"Ina tsaye a bakin get ɗin makarantar nan. Na ga wani mutum da jar hula ya hau bayan motar taki yana ɗaga hannu yana magana. Na ga an ɗaga bindiga. Na ji ƙara, na ga ya faɗo. Har yau in na rufe ido ina ganin hular tana gangarawa a ƙasa. Ku rubuta, ku sa sunana. Ku auna ta kamar ta kowa."

Naja'atu ta rubuta kalma bayan kalma. Ita aikin ya zo mata da sauƙi. 'Yar Kabo ce, a gidan gwaggonta take zaune a Gwarzo saboda karatu, kuma mahaifiyarta haifaffiyar Gude ce. Matar Ya'u, Inna Uwaliya, 'yar wan kakar Naja'atu ce. Tun tana ƙarama take ganin tsohon yana ɗingishi a bukukuwan dangi, ana kiransa Ya'u Mai Harsashi. Ba ta taɓa tunanin akwai abin tambaya a ciki ba.

Ranar Asabar babanta ya ɗauke ta a babur ya ajiye ta a Gude, ya wuce gaisuwar mutuwa. Zafin bazara ya fara, gonaki fayau, sai kututturen dawa. Ta tarar da Baba Ya'u a zaure yana tufka igiya, ya miƙe ƙafar nan tasa a kan buzu. Ta durƙusa ta gaishe shi, aka tambayi mutanen Kabo ɗaya bayan ɗaya, aka tambayi gwaggonta da karatu da zafi. Inna Uwaliya ta fito da kwanon fura ta zauna a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, tana ɓarar gyaɗar iri.

Da Naja'atu ta faɗi abin da ya kawo ta, tsohon ya gyara zama, da alama ya sha ba da labarin. Ya faɗi yadda suka fito bayan asuba su kusan ɗari daga Gude kaɗai, yadda suka haɗu da mutanen Garo a hanya, yadda aka rufe musu ƙofar sito aka ce mai makulli ya tafi Kano. Ya ce da ya ga samari sun fara tsintar duwatsu, sai ya hau motar da ke tsaye maƙare da buhuna don ya ce musu su dakata.

"Ina cikin magana na ji dam! Sai farkawa na yi na gan ni a ƙasa, jini ko'ina."

Naja'atu ta duba tambayoyin da ta rubuta. Ta ji nauyin ta gaba, amma ta daure.

"Baba, to harsashin, a wane asibiti aka cire?"

Inna Uwaliya ta kwashe da dariya har gyaɗa ta zube mata a zane.

"Asibiti! Malam, faɗa mata asibitin."

"Ke dai ba kya rabo da shiga maganar da ba a sa ki ba."

"Ni na wanke ciwon nan kwana arba'in, ni kuwa aka sa. 'Yar nan, babu wani harsashi. Barkonon tsohuwa aka harba sama. Direba ya firgita ya ja mota, Malam ya rikito, ƙafar ta bugi ƙarfen bodi ta karye, ƙarfen ya tsarge masa ƙwauri. A amalanke aka kawo mini shi. Bappa mai ɗori na Garo shi ya ɗora ta a ɗakin can. Kin taɓa jin mai ɗori ya ɗora harbin bindiga?"

Naja'atu ta dubi tsohon, tana jiran ya musa. Bai musa ba. Ya ajiye igiyar, ya naɗe ƙafar wandonsa. Tabon dogo ne, ya taso daga ƙasan gwiwa ya gangaro kusan taƙi guda, kamar inda aka ja garma.

"Ni ban taɓa cewa na ga harsashi ba," in ji shi a hankali. "Da na farfaɗo na ji ana ta ihu, an harbe shi, an harbe shi. Na ce ku tsaya, faɗowa na yi. Wa zai ji ni? Suna ɗauke da ni ina hango hayaƙin sito. Da na warke na faɗa wa mutum goma, na faɗa wa ashirin. Wani ya ce tsoron hukuma nake ji, wani ya ce kawaici ne. Na gaji na bar su. Yanzu kuma wani lokacin ni kaina sai in ce, to wa ya sani, tun da ban ga abin da ya same ni ba."

"Ni na sani," in ji Inna Uwaliya.

Naja'atu ta tuna abin da aka koya mata, ta juya gare ta. "Inna, ke kina wurin?"

"Me zai kai ni? Ina nan ina daka."

"To ta yaya kika san direba ne ya ja mota?"

Tsohuwar ta tsaya da ɓarar, ta ƙare mata kallo. "Iye! Lallai boko. To, wannan ji na yi, a bakin waɗanda suka kawo shi. Amma ciwo da hannuna na taɓa shi. Babu rami, tsaga ce."

Naja'atu ta rubuta su daban daban, abin da Inna ta ji da abin da ta taɓa. Kafin ta tashi ta tambayi jar hula. Baba Ya'u ya ce shi bai taɓa mallakar jar hula ba, malfa ce a kansa ranar, kuma har yau yana jin takaicin ɓatanta.

A hanyar komawa Kabo tana bayan babanta tana ta tunani. Ba maganar harsashin ce ta dame ta ba. Malam Chollom ya ce ya gani. Shi da bai taɓa ƙara wa ɗalibi maki ɗaya don ya ji daɗi ba, shi da in bai san amsa ba yake cewa ban sani ba a gaban aji.

Ranar Litinin da aka fita tara ta je bakin get ta tsaya daidai inda ya ce ya tsaya. Ta miƙa wuya. Kangon siton yana can bayan tudun makabarta, ko rufinsa ba a hangowa, balle mutum a kan mota. Ta ce a ranta wataƙila da can wurin ba haka yake ba. Ta tambayi maigadi, wanda ya girmi makarantar, ya ce tudu dai ba jiya aka kawo shi ba, get kuma tun da aka gina shi a nan yake.

Sai ta tuna da maganar takarda. Akwai babban littafin da malamin juti, wato mai lura da makaranta a ranar, ke rubuta abin da ya faru kowace rana. Ta shiga ofishin firinsifal, ta ce aikin Tarihi aka ba su. Ya ɗaga gira, ya ce in dai aikin Chollom ne ba ya mamaki, ya sa akawu ya zaƙulo mata na 1988 daga ƙasan kabad, ya ce ta karanta a nan kada ta fita da shi.

Gara ta ci gefen littafin, amma tsakiyarsa lafiya lau. Ta yi ta buɗawa har ta iso watan Yuni. Ba sai ta duba sa hannu ba, rubutun nan mai kwanciya gefe guda kullum tana kwafarsa daga allo. Da Turanci ya rubuta, gajere. Ƙarfe goma an ji hayaniya daga gari. Bisa umarnin shugaba an kulle get, an tara ɗalibai duka a babban ɗakin taro. Na kasance tare da su har ƙarfe biyu da rabi. Mun ji ƙara sau biyu. An ce an harbi mutum ɗaya. Babu ɗalibin da ya ji rauni.

Ta karanta sau uku. Ta kwafe shi a littafinta, ta mayar wa akawu, ta yi godiya.

Kwana takwas tana ɗauke da abin nan. A cikin kwanakin ne wani direban motar Jos ya kawo wa Malam Chollom wasiƙa cewa Jemimah tana raye, ta kwana huɗu a bariki kafin ta samu motar gida, ɗakinta dai ya ƙone da komai nata. Malamai suka yi ta shiga ofis suna yi masa barka da arziki. Naja'atu ta gan shi ya fito yana goge tabarau da gefen riga, ta ce a ranta, yanzu mutumin da ke cikin wannan hali zan tashi in ƙaryata? Gari kuma ba shi da magana sai ta Shari'a, yaushe za a ƙaddamar a Kano, wa zai zauna wa zai tafi. Ta san akwai waɗanda in suka ji an kama malamin da ba Musulmi ba da maganar da ba haka take ba, ba za su tsaya jin sauran bayani ba.

Ta gwada rubuta rahoton ba tare da littafin juti ba. Ya fita sumul, har ya fi daɗin karatu. Ta yaga shi. Daga ƙarshe ta yanke shawarar ta same shi shi kaɗai.

Ta tarar da shi a ƙarƙashin darbejiyar bayan ofis yana duba littattafan 'yan aji ɗaya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa barka da ƙanwarsa, sannan ta rasa ta inda za ta fara. Sai kawai ta miƙa masa littafinta a buɗe.

Ya karanta maganar Baba Ya'u yana gyaɗa kai. Ya karanta ta Inna Uwaliya, ya yi 'yar dariya a inda ta raba ji da taɓawa. Da ya iso shafin ƙarshe dariyar ta ɗauke. Ya daɗe yana kallon shafin.

"A ina kika samo wannan?"

"A ofis, Malam. Littafin juti."

Ya tashi ya shiga ofis. Tana nan durƙushe har ƙafarta ta yi sanyi. Da ya fito sai ta ga kamar an ƙara masa shekaru. Ya zauna, ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Rubutuna ne," in ji shi. "Naja'atu, wallahi ina ganin hular nan. Yanzu haka ina ganinta."

"Malam, ka yi haƙuri. Ba sai na karanta a aji ba. Zan iya cire shafin."

Ya ɗago ya dube ta, irin kallon da yake yi wa wanda ya zo da satar amsa.

"Ki cire? Shafin da ya fi kowanne? Ranar Alhamis ke za ki fara. Kuma kada ki sassauta murya in kin zo kan sunana."

Ranar Alhamis ajin ya cika, har Emily ta dawo. Malam Chollom ya ɗauko littafin juti da kansa ya ajiye a tebur, ya koma bayan aji ya zauna a benci kusa da Tasi'u. Naja'atu ta tsaya a gaban allo. Da farko muryarta ba ta kai layi na uku ba. Da ta zo kan tsagar da ke ƙwaurin Baba Ya'u aji ya fara guna-guni. Da ta ce ta tsaya a bakin get ba ta hango sito ba, wasu suka waiwaya suna duban Malam Chollom. Ta karanta abin da ke littafin juti, ta faɗi ranar, ta faɗi wanda ya sa hannu.

"Saboda haka," in ji ta, "shaidar Malam Chollom ta ji ce, ba ta gani ba ce. Kuma abin da ya rubuta a ranar ya fi ƙarfi a kan abin da ya faɗa mana bayan shekara goma sha biyu."

Wasu suka kafa ido a tebur. Tasi'u ne ya miƙe, ransa a ɓace, kuma ga mamakinta ba malamin ya nufa ba.

"Wannan rashin kunya ne. Ta yaya za ki tsaya a gaban mutane ki ce Malam ya yi ƙarya?"

"Ba ta ce na yi ƙarya ba," in ji Malam Chollom daga inda yake zaune. "Ta ce ban gani ba. Kuma gaskiyarta." Ya taso ya zo gaba. "Kwana biyu ina bincikar kaina. Ranar nan da aka buɗe get na tafi wurin mai shayi, na tarar yana ba da labarin, yana hawa benci yana faɗowa, yana nuna yadda aka ɗaga bindiga. Shi ma ban san ko ya gani ba. Shekarar da ta biyo aka yi babbar zanga-zanga a birane, na ga hoton wani a jarida a saman mota da hula. Ina jin a nan na samo hulata. Na ba da labarin sau ɗaya, sau biyu, ban san ranar da na fita daga ɗakin taro na koma bakin get ba. Aji goma sha biyu na faɗa wa wannan magana. Wasunsu yanzu malamai ne, suna can suna cewa malaminmu ya gani da idonsa."

Ya ɗauki littafin juti ya miƙa wa na layin gaba ya ce a zagaya da shi kowa ya gani.

"Ban yi niyyar cutar kowa ba. Shi ma wanda ya fara ihun cewa an harbi Ya'u, ina jin bai yi niyya ba, jini ya gani. Amma kafin wannan ihun mutane taki suke nema. Bayansa suka ƙone takin da suka zo nema."

Emily ta ɗaga hannu, ita da ba ta cika magana ba. "To Malam, in har kai za ka iya kuskure, wa za mu yarda da shi?"

"Ku yarda da mutane, Emily, ba a rayuwa sai da haka. Amma maganar da in kun ɗauka za ta sa ku ɗauki dutse, ku tsaya ku juya ta tukuna, ko daga bakina ta fito."

Tasi'u yana tsaye har yanzu. Ya sosa ƙeya. "Malam, ni ma mutum biyar na tambaya, duk sun ce sun gani. Ban tambaye su inda suke tsaye ba."

"Kana da Asabar da Lahadi."

Aka yi dariya, ajin ya saki jiki. Da aka tashi, Malam Chollom ya mayar wa Naja'atu littafinta. Ya ba ta sha tara cikin ashirin. A ƙasa ya rubuta da jan biro cewa ba ta je Garo ta ji ta bakin mai ɗori ba.

Labarin ya fita gari, kamar yadda ta ji tsoro. Wasu suka ce ai ga irinta nan. Amma da aka kai maganar majalisar da ake zama a ƙofar gidan malamin Hadisi, sai ya ce shi a karatunsa mai ruwayar da ya dawo ya ce na yi kuskure a wuri kaza, darajarsa ƙaruwa take yi, kuma yana so a nuna masa mutum uku a garin nan da za su iya tsayawa gaban 'ya'yan cikinsu su yi abin da Chollom ya yi. Ba a nuna ba, maganar ta mutu a nan.

Ranar Asabar ta farkon hutu Malam Chollom ya zo Kabo a babur ɗinsa ya yi sallama da baban Naja'atu, ya roƙi a raka shi Gude. Suka tafi babur biyu, ita a bayan babanta. Baba Ya'u ya sa aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka kawo ruwa, aka daɗe ana gaisawa.

"Baba, gafara na zo nema," in ji Malam Chollom. "Shekara goma sha biyu ina harbinka a aji."

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Ashe kai ne! Ni ina ta mamaki, yaran da ba su yi wayo ba lokacin su tare ni a kasuwa suna nuna ni. To Malam, yanzu da ka cire mini harsashin, da me zan riƙa cin goro kyauta?"

"Da abin da ka yi, Baba. Kai kaɗai ka hau mota ka ce a ajiye duwatsu. Wannan ban taɓa koyar da shi ba, don ban sani ba."

Baba Ya'u ya dubi ƙafarsa. Da ya sake magana babu wasa a muryarsa.

"In rubutawa za ka yi, to ka rubuta dalili. Kowa ƙafata yake tambaya, babu mai tambayar me ya fito da mu. Ruwa uku aka yi. Dawa ta fito ta yi ja kamar an zuba mata wuta. Sau huɗu muna aika dattawa ana ce musu gobe. Mu ba mahaukata ba ne, Malam."

Malam Chollom ya kwance igiyar jakarsa ya ciro sabon littafi, ya ɗora a gwiwa. Ya ce a fara daga farko, a hankali. Ya tambayi sunayen dattawan da aka aika, tsohon ya kawo uku, na huɗun ya ɓace masa, Inna Uwaliya ta jefo shi daga bayan ƙofa. Ya tambayi ranar da suka fito.

"Talata ce," in ji Baba Ya'u.

"Laraba," in ji Inna Uwaliya. "Ranar na kai wa Marka gudummawar suna."

"Sunan nan Alhamis aka yi shi."

"Kai da aka kawo a amalanke, ina ka san ranar suna?"

Naja'atu ta san amsar, tana cikin littafin juti, har ta buɗe baki. Malam Chollom ya ɗan ɗaga mata hannu alamar ta dakata. Ya rubuta Talata ya sa sunan Baba Ya'u a gefe, ya rubuta Laraba ya sa na Inna Uwaliya, sannan ya gyara zaman tabarau ya tambayi wace ce Marka, kuma ko tana da rai.